Yadda Ya'u Ya Kai Bulama Hutun Dutse

Duk wanda ya san ƙasar Haɗeja ya san babu dutse a cikinta. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya kamar faifai. In ka tsaya a bakin kogi wajen Auyo, baƙon da zai iso maka da la'asar kana hango shi tun da hantsi yana fama da jakinsa. Dutsen niƙa ma daga wata ƙasa fatake ke kawo shi, shi ya sa mace kan gaje shi wajen uwarta, ta riƙe shi kamar ɗan da ta haifa. To, a wannan ƙasar ce, zamanin Turawa, aka yi wani mutum mai suna Ya'u, a wani ƙauyen bakin fadama da ake kira Kafin Tsari, wanda ya ci alwashin kai mai gari hutun dutse.

Ya'u ya yi aikin Bature. Wannan ba mai musawa, don in ka musa har gida zai biyo ka ya sake ba ka labarin daga farko. Wani Joji, wato Baturen mulki, da ake wa laƙabi da Mai Lofe ne ya ɗauke shi wankin kwanoni, kuma shekarar da zazzaɓi ya kayar da Baturen aka ce ya tafi Jos ya huta, sai ya tafi da shi. Abin da Ya'u ba ya faɗa shi ne, tun ranar da suka sauka sanyi ya saka masa mura, ya ƙare zamansa a bakin murhu ƙudundune cikin buhu, dutsen kuwa ta tagar kicin yake leƙensa. Da suka dawo ya fasa wa Bature tangaran, aka sallame shi. Ya iso gida da tsohuwar hular Bature mai kama da kwano, da butar shayi marar murfi, da bakin da ba ya rufuwa. Tun daga ranar ya kafa zama a gindin tsamiyar ƙofar mai gari, daga hantsi har magariba, in ka ji shi sai ka rantse shi ya jera duwatsun Jos da hannunsa.

A daminar da nake ba ku labari, an gina barikin saukar baƙi a gefen gari, inda Joji zai riƙa sauka in ya fito rangadi, aka ce mai gari ya zaɓi wanda zai zama Sarkin Bariki. Ya'u ya ƙwallafa ransa a kan sarautar nan har ya rame. Ya ma riga ya ari rawani yana koyon naɗi a ɗaka, matarsa Mairo na riƙe masa madubi tana kawar da kai don kada ya ga dariyarta.

Mai garin, wanda a can ake kira Bulama, shi ne Bulama Inuwa, dattijo mai sanyin hali. Sai dai a lokacin ba ya cikin hayyacinsa, don barci ya ƙaurace masa. Ruwa ya fara cika fadama, kuma in ruwa ya taho rigima ke biyo shi. Masunta na faɗa kan wurin kafa tarko, manoman shinkafa na faɗa da makiyaya, zaure cike tun da asuba. Idanunsa suka yi jajir. Wata rana har gyangyaɗi ya kwashe shi yana tsakiyar raba faɗa, ya farka firgigit ya ba mai laifi gaskiya.

Ran nan ne Ya'u ya ga dama ta samu. Ya gyara hularsa, ya matso ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, ciwon nan naka na san shi kamar yunwar cikina. Shi ne ya kama Mai Lofe. Turawa ba sa jiƙa saiwa a kansa, dutse suke hawa."

Bulama ya yi hamma ya ce, "Su yi me a can?"

"Ba komai."

"Ba komai?"

"Ai shi ne maganin, ranka ya daɗe. Ka hau dutse, ka shiga cikin itatuwa, ka miƙe ƙafa a kujera, ka ja numfashi, ka yi shiru. Ba gaisuwa, ba ƙara, ba mai ce maka sannu. Mai Lofe a ɗauke aka kai shi, da ya sauko da ƙafa ya kori doki."

Iya Kulu, yayar Bulama, tana daga soron ciki tana tsinkar zogale. Ita ce mace ɗaya a garin da ba ta jiran a ba ta izinin magana. Ta leƙo ta ce, "Kai Ya'u, ka ji tsoron Allah. A ƙasar nan ina ka ga dutse? Ko a aljihu ka taho da shi daga Jos?"

"Iya, ai dutse tudu ne da ya samu kula."

Kolo mai fito, wanda ke ƙetarar da mutane a kwalekwale, taubashin Ya'u ne, don haka yana da ikon tsokanarsa a gaban kowa. Ya ce, "Bawana, in haka ne ka fara da ƙoƙon kanka, ya daɗe bai samu kula ba."

Aka kwashe da dariya. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Bulama ya murza ido ya ce, "Ya'u, na ji. In na yi barci a kan dutsen nan naka, rawanin bariki naka ne. In ban yi ba, kada in ƙara jin sunan Jos a ƙofar gidana har abada."

Ya'u ya ce, "A shaida!" Jama'a suka shaida da murna, don ko ta ina abin ya faɗi akwai riba.

A tsakiyar fadama akwai wani tudu da ruwa kan kewaye amma bai cika hawa ba, da itatuwan giyayya a kansa, da wani tsohon suri na gara wanda ya fi mutum a kan doki tsawo. Nan Ya'u ya nufa. Ya yi kwanaki yana jidar laka yana maka wa surin, ya sassara matakala a jikinsa, ya daddaɓe samansa ya yi fili, ya ɗaura kujerar kwance da karan dawa ya ɗora. Ya ja da baya ya duba, sai ya ga abu ɗaya ya rage. Dutse babu duwatsu ai abin kunya ne.

Sai ya bi gari gida-gida yana cewa Bulama ne ya aiko, a ba da aron dutsen niƙa na yini ɗaya. Wa zai hana Bulama? Mata suka ba da, suna gunaguni. Na Mairo kuwa ko tambaya bai yi ba. Kolo ya yi ta sawu da kwalekwale yana cewa tun da yake fito bai taɓa ɗaukar fasinjan da ba ya amsa sallama ba sai yau. Ya'u ya jera duwatsun a saman suri da gefensa, ya kafa doguwar gwangwala ya ɗaura mata jan ƙyalle, wai tuta, kamar yadda ake yi a gidan Bature.

Mairo ta tare shi a ƙofa da ya dawo. "Malam, ina dutsena?"

"Yana aikin hukuma."

"To, tuwon dare ma hukuma za ta tuƙa?"

"Ke ba ki san komai ba. Kwana nawa ya rage a fara ce miki matar Sarkin Bariki?"

"Ni dai a fara ce mini mai dutse, ya ishe ni."

Washegari da sassafe aka shirya tafiya. Ya'u ya kafa sharaɗi: ba fadawa, ba rakiya, ba sallama da kowa, don haka Turawa ke yi. Sannan ya kawo bargo mai kauri ya lulluɓe Bulama har ka.

"Ya'u, zufa nake yi."

"Ranka ya daɗe, sanyin dutse ba ya sallama. Ni na san shi."

Haka aka fito da Bulama ta ƙofar baya, a nannaɗe cikin bargo, aka kwantar da shi a cikin kwalekwale, Ya'u na tsaye a gaba da hularsa yana korar duk wanda ya matso, yana cewa, "Baya! Baya! Kada wanda ya kusance shi!"

Nan fa Ya'u ya tafka kuskuren da ya fi na tangaran. A ƙasar nan ba a nannaɗe mutum a fitar da shi daji a hana kusantarsa sai in agana ce ta kama shi, ko kuma abin ya wuce magani. Kuma a ƙasar nan ko akuyarka ce ta yi ɗingishi sai maƙwabta sun shigo maka sannu, balle mai gari. Mata masu ɗiban ruwa suka gani, suka ajiye tuluna. Kafin kwalekwale ya kai rabin fadama, labari ya kai ƙarshen gari cewa Bulama na can rai a hannun Allah, har an kafa masa jan ƙyalle.

Su kuwa sun isa. Kolo ya sauke su ya juya. Bulama ya ɗaga kai ya dubi dutsen, ya dubi Ya'u.

"Wannan ba surin da muke kamun shinge a gindinsa muna yara ba ne?"

"Da kenan, ranka ya daɗe. Bismilla, a hankali, kada ka dubi ƙasa, jiri na ɗiban baƙo."

Matakalar ba ta gama bushewa ba. Bulama ya taka ta farko takalminsa ya tsaya a can, ya taka ta gaba ya zame ya dafa da gwiwa, Ya'u na turo shi daga baya da ka. Da ƙyar aka kai sama, aka kwantar da shi a kujera, karan dawa na ƙara ƙiƙi-ƙiƙi.

"Yanzu ka ja numfashi, ranka ya daɗe. Ja sosai. Ka ji iskar sama?"

Bulama ya ja, ya shaƙi warin ruɓaɓɓiyar ciyawa haɗe da sauro guda, ya kama tari har da hawaye.

"Madalla! Ciwon ne ke fita. Haka Mai Lofe ya yi."

Sai ya hura wuta ya ɗora butarsa. Ganyen shayi dai babu, amma Ya'u ya ce ganye ganye ne, ya tsinko na giyayya ya zuba. Bulama ya kurɓa ya riƙe a baki, ya rasa inda zai kai shi, daga ƙarshe ya haɗiye don kunya.

"Yanzu sai babban maganin, ranka ya daɗe, wato shiru. Shirun nan da kake gani iri-iri ne. Akwai na safe, akwai na bayan cin abinci. A Jos in Bature ya yi shiru, ko ƙuda ya zo wucewa sai ya cire takalmi. Na tuna wata rana, ni da Mai Lofe muna zaune a kan wani dutse, ya ce mini, Ya'u, na ce na'am, ya ce duk Afirka ban ga mai iya shiru kamarka ba. Na ce ranka ya daɗe, ai gado na yi. Kakana na wajen uwa..."

Haka ya yi ta bayanin shiru har rana ta ɗaga. Bulama ya rufe ido, ba don barci ba, don dai kada ya ga bakin.

Sai ga kwalekwale. Iya Kulu ce a ciki, da ƙwaryar kunu a cinya da kaskon hayaƙi a hannu, tun daga nesa take kuka tana kiran suna. "Inuwa! Inuwa ɗan uwana! Ashe haka za a yi mini, a fitar da kai kamar kayan sata?"

Ya'u ya gangaro da gudu ya buɗe hannuwa. "Iya, an hana! Dokar dutse ce, ba a gaisuwa!"

"Dokar uban wa? Ni na goya shi. Kauce, ko in kifa maka kunun nan a cikin kwanon da ke kanka."

Ya kauce. Ta haye, ta tusa wa Bulama kaskon hayaƙi a ƙarƙashin bargo, ta ce ya shaƙa. Yana cewa, "Yaya, lafiyata ƙalau," tana cewa, "Haka Baba ya ce ranar da ya rasu."

Kafin Ya'u ya dawo da numfashinsa, fadama ta yi baƙi da mutane. Wasu a kwalekwale, wasu sun kifa ciki a kan manyan gorunan da masunta ke ratsa ruwa da su, suna tafe suna iyo da kaya a ka. Dattawa suka iso, kowa ya hau ya tsuguna ya yi sannu, ya tambayi jiki, ya tambayi kwana, ya sake tambayar jiki. Wanzami ya zo da ƙahonsa yana neman inda zai kafa. Wani ya kawo kabewa, wani ya kawo ƙwai, wani ya kawo wata kabewar, har suka taru a gefen kujera.

Ya'u na ta zagaye yana ihu. "Shiru! Jama'a shiru! A Jos ba a haka!" Muryarsa ta fi ta kowa tashi.

Sai ga mata, jirgi guda, Mairo a gaba, kowace da ƙwaryar tsaba. Sun ce sun zo dubiya, kuma tunda duwatsunsu na nan, rana kuma na tafiya, ai sai su rage aiki. Kowace ta gane nata, ta durƙusa ta hau niƙa a jikin dutsen Ya'u. In mata sun haɗu a niƙa kuwa sai waƙa, waƙar ma ta habaici, kuma duk wanda ke wurin ya san da mai hular da ake.

"Mairo! Ki rufa mini asiri!"

"Malam, aikin hukuma nake taya ka."

Masu rigimar tarko su ma suka iso. Suka yi sannu cikin ladabi, sannan ɗaya ya ce, tunda Allah ya sa ga Bulama ga su, kuma rai ba tabbas, ai gara a ƙarasa maganar tarkon nan tun yana iya magana. Masu tallar soyayyen kifi suka ga taro suka kafa kasko. Wani makaɗi ya zo da kalangu don ya ƙarfafa wa marar lafiya zuciya. Kafin azahar, kasuwa sosai ta ci a tudun, har da mai gyaran takalmi. A cikin gari kuwa ko mai jego ba a bari ba.

Ana cikin haka aka ji wani huci daga gabas. Ja'afaru ne, makiyayin da ke zaune a gefen garin, tafe da garkensa suna iyo, ƙahoni kawai ake gani a saman ruwa. Kowace shekara in ruwa ya taho, wannan tudun ne mafakar shanunsa tun zamanin kakansa, kuma ba wanda ya aika masa cewa bana an mayar da shi Jos. Shanu suka hau tudu suna kakkaɓe jiki, suka ratsa kasuwa, suka kifar da kaskon kifi.

Ya'u ya yi kansa. "Kai Ja'afaru! Fitar da su! Nan wurin hutun manya ne!"

Ja'afaru ya rataya sandarsa a kafaɗa ya ce, "To ai su ma hutun suka zo."

Ya'u ya shiga kora da hula. In ya kori wannan, waccan ta dawo. Ya bi wata karsana har cikin ruwa, ta juyo ta biyo shi har kan tudu. Ya daɗe yana wannan fama, jama'a sun bar dubiya sun koma kallo, har Iya Kulu ta sauko don ta gani da kyau. Da ya gaji ya waiwaya sama, sai ya tsaya cak. Ga Bulama can a kujera, lulluɓe da bargo har fuska, hularsa ta ɗan karkace, ko motsi ba ya yi.

Daɗi ya kama Ya'u har ya rasa inda zai sa kansa. Ya haye matakala da rarrafe, ya tsaya a ƙoli kusa da tuta, ya ɗaga hannu.

"Jama'ar Kafin Tsari! Ku zo ku gani da idonku! Ya yi barci! Wa ya ce ba dutse a ƙasar Haɗeja? Kolo, ina bakinka? Iya, ina kunun da za a kifa mini? Ku hau ku shaida, kada gobe wani ya ce ba a yi ba!"

Jama'a suka yi caa suka hau, manya da yara, masu niƙa da masu ƙara, kowa na son ya ga barcin da ya jawo rawani. Shi kuwa suri, tun safe ruwa ke cin gindinsa, ga lakar da aka maka masa, ga duwatsun gari kaf a kansa, ga rabin gari. Sai wani bijimin Ja'afaru ya zo ya jingina kafaɗa a jikinsa ya fara susa.

Ya'u na cewa, "Ranar da zan shiga bariki, duk wanda ya yi mini dariya..." sai ƙasa ta amsa. Dutsen ya yi wani nishi, ya buɗe baki, ya zauna. Mutane suka gangaro kamar an zazzage buhu, duwatsun niƙa suka nutse cikin laka, gara ta fito fara fat ta bi ƙafafu da wanduna. Ya'u ya nutse har ƙugu, tuta ta faɗo masa a ka. Kujera ta wargaje, bargo ya yaye, sai ga wata ƙatuwar kabewa sanye da hular Bulama ta mirgino a hankali ta tsaya a gaban Iya Kulu.

Wuri ya yi tsit, irin shirun da Ya'u ya yini yana nema.

Iya Kulu ta dubi kabewa, ta ɗora hannu a ka ta ƙwalla ƙara. "Wayyo! Ya mayar mini da ɗan uwa kabewa!"

Wasu suka ce ba haka ba ne, surin ne ya haɗiye shi. Aka hau tono da hannu da ƙorai. Ya'u, wanda yanzu tsoro na gaske ya shige shi, ya fizgo kansa daga laka ya shiga tono da hular Bature, gara na cizonsa bai ma sani ba, yana kira, "Ranka ya daɗe! Ranka ya daɗe, ka yi magana! Na yafe rawanin!" Aka tono duwatsu biyu da takalmin Bulama ƙafa ɗaya. Da aka ga takalmin sai kuka ya ƙaru.

Aka yanke shawarar a koma gari a aika Haɗeja. Aka ɗauko bargon, aka sa Ya'u a tsakiyar kwalekwale, Iya Kulu ta riƙe wuyan rigarsa da hannu ɗaya, ɗaya hannun na rungume da kabewa, don ta ce ba za ta bar ta shanu su cinye ba sai an tabbatar. Wani masunci na ta cigiyar goransa da ya ɓata, ba wanda ya kula shi.

Suka sauka da la'asar. Gari shiru, ko kaza ba ta kuka. Suna kusantar ƙofar Bulama sai Kolo ya ɗaga hannu ya ce a saurara. Wani sauti ke fitowa daga zaure, mai nauyi, yana hawa yana sauka. Aka leƙa. Ga Bulama Inuwa shame-shame a kan tabarmarsa, jiƙaƙƙiyar rigarsa na shanye a bakin ƙofa, goran masuncin nan na jingine a bango, yana sharar minshari kamar ba gobe. Ashe lokacin da kowa ya koma kallon Ya'u da karsana, shi ya jera kabewa a kujera, ya ɗora wa ɗaya hularsa, ya rufa musu bargo, ya sulale ta bayan giyayya ya hau gora ya yi gida.

Hayaniya ta tashe shi. Ya yi miƙa mai tsawo, ya tashi zaune, idanunsa fes, ya dubi jama'a ya ce, "Lafiya?"

Iya Kulu ta saki kabewa ta faɗi ta fashe. Ya'u kuwa da ya ga ba gawa, sai bakinsa ya dawo. Ya kutsa gaba, laka har gira, ya durƙusa.

"Alhamdu lillahi! Kun gani? Ranka ya daɗe, ka yi barci ko ba ka yi ba?"

"Na yi, Ya'u. Rabona da irinsa tun ina saurayi."

"To, a shaida!"

"A shaida a ina na yi shi." Bulama ya daɓa tabarmarsa. "A kan dutse muka yi da kai. Bariki na ba Sa'idu, mutumin da tun da aka haife shi ba a taɓa jin ya gama zance biyu a jere ba. Jos kuma, ka san alkawari."

Ya'u ya buɗe baki, ya rufe. Wannan ne karo na farko da aka ga haka a Kafin Tsari.

Bulama ya ci gaba. "Amma ba zan ci amanarka ba, maganinka gaskiya ne. Tudu, da itatuwa, da nisa da mutane, duk suna aiki. Wanda za a kai ne ka kuskure. Da na shigo garin nan na tarar gindin tsamiya ba kowa, wallahi ban san lokacin da na kai tabarma ba. Don haka rawani kam za ka sha. Yaya, a yago masa daga bargon nan."

Nan take Iya Kulu ta keta bargo, Kolo ya naɗa masa a kan hular Bature, makaɗi ya buga kalangu, aka yi guɗa. Bulama ya ce daga yau shi ne Sarkin Dutse. Aikinsa, kullum da sassafe Kolo ya ƙetarar da shi, ya tono wa mata duwatsunsu ɗaya bayan ɗaya, in ya gama ya zauna ya huta a can har magariba, haka har ruwa ya janye.

Mairo ta ce, "A fara da nawa, ranka ya daɗe Sarki."

Haka kuwa aka yi. Gindin tsamiya ya yi shiru, Bulama ya murmure har ya yi kumatu, ya daina ba mai laifi gaskiya. In iska ta kaɗo daga fadama akan ji wata murya can nesa tana tashi tana faɗuwa, sai mutane su ce Sarki na hutawa, don a ƙofar Bulama kawai aka hana shi Jos.

Ba a daɗe ba, wata safiya, sai ga Ja'afaru a zaure, idanunsa jajir, ya jingine sanda ya tsuguna.

Bulama ya ce, "Ja'afaru, lafiya? Gona shanun suka shiga?"

"Ba su shiga gonar kowa ba, Allah ya ba ka nasara. Ƙara na kawo. A taimake ni a ɗauke mutumin nan daga tudu. Shanuna sun daina barci."